Shekara bakwai ana haddar "go, went, gone", yaro bai iya haɗa zance ba

Yaron da ya shiga kwaleji a Damagaram ya bi har ajin ƙarshe na lise ya yi shekara bakwai yana karatun Ingilishi: huɗu kafin BEPC, uku kafin bak. Ka ce ya jero maka "go, went, gone", "take, took, taken", sai ya zubo su kamar mai tilawa. Amma ka ba shi takardar neman gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano ya rubuta layi biyar a kan kansa, sai alƙalami ya tsaya. In ya yi ta maza ya rubuta, ga abin da za ka gani: "I have twenty years", "I am agree", "it depends of my father".

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Abin da aka ba shi ya riƙe. Matsalar ita ce an sayar masa da bulo ɗaiɗai, ba a taɓa nuna masa yadda ake ɗora wani kan wani ba.

A bakin masu harshe, kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan tafiya da ba ta rabuwa da su. Mu Hausawa bai kamata a koya mana wannan ba. Muna cin kasuwa, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci jarrabawa, ba wanda ya taɓa tauna ko ɗaya. Muna shan iska, mu sha wahala, mu sha kashi. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na abinci ne, "sha" na ruwa, ya shiga Kasuwar Dole da wannan ilimi, kafin azahar ya zama abin dariya. To haka Ingilishi yake. Ana cewa "make a mistake" amma "do your homework", alhali Faransanci "faire" ɗaya gare shi, mu ma "yi" ɗaya gare mu. Ana cewa "listen to", "wait for", "depend on", "afraid of", "good at". "Want" na jan "to read", "enjoy" na jan "reading". "Look at" kallo ne, "look for" nema, "look after" kula da abu. Wanda ya san "look, looked, looked" kawai bai san ko ɗaya cikin ukun ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hanyar da ake bi da yaron kafin ya iso nan. Yana tunani da Hausa, a tilasta masa ya juya zuwa Faransanci, daga can ya tsallaka Ingilishi. Kamar mai zuwa Kano daga Zinder ne a ce sai ya bi ta Yamai, ga hanyar Matamai da Daura a miƙe. Kuma a wannan zagaye ne yake kwaso yawancin kurakuransa. "I am agree" daga ina ta fito? Daga "je suis d'accord". Da da Hausa aka nuna masa, "na yarda" aikatau ce kai tsaye, daidai da "I agree", babu wani "am" da zai liƙa. "I have twenty years" ɗiyar "j'ai vingt ans" ce. "Depend of" kuwa "dépendre de" ce ta sake riga. Mafi muni, yaro ya rubuta "I passed the exam" yana nufin ya zauna jarrabawa, don "passer un examen" ke nan a Faransanci, alhali a Ingilishi ya ce ya ci ne. Bahaushe bai taɓa rikita zaman jarrabawa da cinta ba.

Ku duba inda Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, ƴan'uwana malamai. Bafaranshe "sortir" yake cewa ko mutum ya nufo shi ko ya ba shi baya. Mu muna da fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko. Ingilishi ma haka: "go out" da "come out", "go in" da "come in", "go down" da "come down". Wasalin "o" na ƙarshen aikatau ɗinmu shi ne aikin da "come" ke yi. Sai kuma ɗan "up" ɗin nan da ke wahalar da yara: "eat up", "drink up", "buy up". Ka ce wa yaro ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Shi ke nan, ya gane, ko allo ba ka taɓa ba. Haka "I am eating" da "I eat": ina ci, nakan ci. Faransanci "je mange" ɗaya tak yake da shi, shi ya sa ake ɓata makonni ana bayanin abin da yaron ya iya tun yana goye. (Na san mukan sa "ina" a gurbin "nakan" a hira, amma bambancin yana nan a kunnen kowa.)

Za a ce ai Hausa ma tana kai yaro rami. Gaskiya ne. "Ina nan tun jiya" takan haifi "I am here since yesterday", wadda ba daidai ba ce. "Ji" ɗinmu na sauti ne, na wari ne, na zafi ne, sai yaro ya ce ya "hear" ƙamshi. Ara da aro sukan haifi "borrow me your pen" da ake ji a tsallaken iyaka. Amma malamin da ya san ramin daga Hausa yake, shi ke iya gargaɗi kafin a faɗa. Wanda ya rantse Hausa ba za ta shiga ajinsa ba, jan biro kawai yake da shi.

Za a kuma ce ba duk yara ne Hausawa ba, akwai Barebari a Gure, Buzaye a Tanut, Fulani ko'ina. To a cikin garin Zinder da wane harshe suke wasa a filin lakwal? Da wane suke ciniki? Ba da Faransanci ba dai.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta jarrabawa: malami na koyar da abin da za a tambaya. Na yarda, kuma shi ya sa maganata ta fi shafar masu tsara tambayoyi da sufetoci. Muddin maki na wurin cike gurbi da juya jimla, hadda za a yi ta yi. Amma ko a hakan ba a hana kowa ya rubuta "interested in football" a allo maimakon "interested" tsirara ba. Minti nawa wannan zai ci?

A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Nijar, a 1973, da Hausa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harsunan biyu yanzu kafaɗa da kafaɗa suke a takarda, amma a aji har yau ɗaya sai ya nemi izinin ɗaya kafin ya gaisa da ɗan Damagaram.

Iyaye, ba sai kun iya Ingilishi ba. In yaro ya dawo, ku buɗe littafinsa. In kun ga kalmomi jere a layi, kowace da fassarar Faransanci a gabanta, ku zaɓi ɗaya ku ce ya sa ta cikin zance, sannan ya faɗa muku ma'anar zancen da Hausa. In ya kasa, ku ɗauki littafin ku je taron iyayen yara da shi, ku tambayi malamin dalili a gaban darakta.