Kwalba Ɗaya Ba Ta Isa Shaida A Kan Ruwa Ba

Maganin da muka sha ba ya ƙarewa a jikinmu. Wani kaso nasa yana fita ta fitsari da bayan gida. A biranen da ke da matatar ruwan ƙazanta, yakan bi magudana zuwa can, a tace, a saki ruwan cikin kogi. Matatun da aka saba da su suna cire yawancin farasitamol, amma karbamazefin, maganin farfaɗiya, kusan yadda ya shiga haka yake fita.

Yawan waɗannan sinadarai kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da safe, idan gari ya waye, fitsarin da ya kwana a mara yana kwarara a lokaci guda, ɗauke da ragowar magunguna da sinadaran homon. Da tsakar dare sai magudana ta lafa. Ruwan yakan yi sa'o'i a matata, don haka hauhawar safiya takan bayyana a mafita daga baya, da ɗan sauƙi. Awon da ake yi a biranen Turai ya nuna ragowar hodar iblis na ƙaruwa a ƙarshen mako.

Saboda haka, a ganina, kwalba ɗaya da aka ɗiba a sa'a ɗaya ba ta isa a ce ruwa ya tsarkaka ba. Awon da ya cancanci amana shi ne wanda ake tara ruwa kaɗan-kaɗan tsawon sa'o'i 24, a ranaku daban-daban.

Ƙanƙantar adadin kada ta ruɗe mu. A wani tafkin gwaji a Ontariyo ta Kanada, masana sun zuba homon ɗin ƙwayar tazarar haihuwa, kimanin nanogiram 5 a kowace lita. Mazan wani ƙaramin kifi suka soma nuna siffofin mata, irinsa ya kusa ƙarewa a tafkin. An wallafa sakamakon a 2007. Game da ɗan Adam kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2012 cewa abin da ake samu a ruwan sha ya yi ƙasa ƙwarai da adadin da ke aiki a jiki.

Don haka, mai jinya, kada ka daina shan maganinka saboda wannan. Abin da ke hannun iyali shi ne rage abin da ke shiga ruwan tun daga gida: kada a sayi magani fiye da bukata, kada a zuba ragowarsa a masai ko kwata. A tambayi mai harhaɗa magunguna yadda za a zubar da shi. Ruwan da ya bar gidanka, wani ne zai tare shi a gaba.