Baƙin Da Suka Sauya Hanya

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Katsina wajen shekarun 1970 zuwa 1980 zai tuna da wasu Turawa masu yawon buɗe ido waɗanda kan iso da rani cikin motocin da suka mayar gidaje, watau da gado da murhu da tankin ruwa duk a ciki, wani lokaci har da kare zaune a kujerar gaba. Sukan taso daga Faransa ko Jamus ko Ingila, su ƙetare teku zuwa Aljeriya, su ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, sa'an nan su gangaro ta Damagaram ko Maraɗi su shigo Nijeriya. A Kano akwai masauƙin da gwamnatin jiha ta tanada dominsu a unguwar Bompai, inda sukan huta, su gyara motoci, su sayi kayan fata da rinannun tufafi na Ƙofar Mata kafin su wuce.

Waɗannan baƙi ba su daina zuwa Afirka ba, hanya kawai suka sauya. Yaƙin basasar Aljeriya na shekarun 1990 shi ya fara rufe musu ƙofa. A 2003 aka sace Turawa 32 a hamadar ƙasar, a 2008 kuma aka soke tseren motoci na Dakar saboda barazanar hari a Muritaniya. Daga nan sai matafiyan suka koma bin gaɓar Tekun Atlantika: daga Maroko su bi ta Dakhla, su shiga Muritaniya ta Nuwadibu, su hau titin kwaltar da ya haɗa ta da Nuwakshot, su wuce Senegal da Gambiya. Teku na hannun dama, rairayi na hannun hagu, mutum ya tsaya inda ya ga dama, ya sayi kifi wurin masunta, ya saki karensa a bakin ruwa. Ƙalilan da ke isowa Nijeriya ta Seme suke shigowa, su nufi Kalaba su fice zuwa Kamaru, ba tare da sun leƙo Arewa ba.

Ba kuɗin da suke kashewa ne abin dubawa ba, domin mai tafe da ɗakinsa da tukunyarsa ba ya amfanar mai otal sosai. Abin lura shi ne, mutumin da ke kwana cikin motarsa a gefen hanya ma'auni ne na zaman lafiyar wannan hanya. Inda ya iya kwana, to manomi na iya kai hatsinsa kasuwa, malamin makaranta kuma na iya komawa bakin aikinsa ran Lahadi da yamma.

Idan aka auna kudancin Jihar Katsina da wannan ma'auni, abin babu daɗin ji. Ƙasar da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba ta da teku, amma babu wanda ya taɓa ganin duwatsun Pauwa da kaka, ko dajin Kogo, ko madatsar ruwa ta Mairuwa, ya ce Allah bai ƙawata wurin ba. Pauwa kuwa tsohon gari ne, wanda har yau sunansa Hakimin Ƙanƙara ke ɗauke da shi a sarautar Sarkin Pauwa. Amma fa cikin 'yan shekarun nan an fi jin sunan waɗannan duwatsu a sanarwar sojoji. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku. Hanyar da ta gagari direban da aka haifa a bakinta, yaya za a gayyato baƙo ya bi ta?

Saboda haka ya kamata jami'an da ke rubuta kasafin yawon buɗe ido su san abin da ke gaba da wani. Gwamnatin Tarayya ta soma gina babban titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kimanin kilomita 700. Sai dai idan an gama shi zai ƙara wa matafiyi dalilin liƙewa a bakin teku, alhali hanyoyin Arewa maso yamma na jiran tsaro da gyara. Rundunar tsaron al'umma da jihar ta kafa a 2023 ta zo a kan kari, amma za a san amfaninta ne ranar da motar kasuwa ta tashi daga Sabuwa bayan sallar isha'i ba tare da fasinja sun yi wasiyya ba.

Shi ma karen nan na kujerar gaba yana da abin da zai koyar. Ba ya ƙetare iyaka sai da takardar likitan dabbobi mai shaida cewa an yi masa allurar ciwon haukan kare. Wannan cuta, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu cizon kare ne sanadi. A ƙauyukan Pauwa da kewaye mafarauta da makiyaya da masu gadin gona suna riƙe da karnuka masu yawa, kuma a wannan zamani haushin kare da tsakar dare ya sha ceton gari. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa allurar a cikin ƙasar nan. Wajibi ne Ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta haɗa kai da hakimai da masu unguwanni, a sa ranar allurar karnuka kyauta a kasuwannin Ƙanƙara da Sheme da Sabuwa kowace shekara, a kuma ajiye allurar da ake yi wa wanda kare ya ciza a asibitocin waɗannan garuruwa, maimakon a riƙa tura majinyaci Funtuwa ko Katsina.