Mun Kori 'Yan Daudu, Mun Riƙe Bakinsu

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai.

Ni manomi ne, da damina ina gona, da rani kuma ina kasa 'yar tireda ta sabulu da magi da ashana a kasuwannin Rano da Kibiya. Ina da yaro ɗan shekara 14 mai taya ni jiran kaya. Ran nan wata mata ta yi wa sabulu tayin wulaƙanci, sai yaron ya tafa hannu ya ce, "Ahayye Hajiya, ba ki da dama!" Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi dariya ta saya. Amma wani dattijo maƙwabcin rumfata ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya ce wannan yaro ɗan daudu zai zama. Kafin la'asar maganar ta riga mu isa gida. Uwarsa ta kwana tana kuka, yaran unguwa kuma suka samu sunan tsokana.

Na tsare shi na ce ina ka koyo wannan? Ya ce a wayar yayansa, a TikTok, kuma wai kowa haka yake faɗa. Da na kasa kunne sai na ga gaskiyarsa. Samari majiya ƙarfi, masu noman kadada guda a yini biyu, za ka ji suna ce wa juna "ƙawata", suna "ni 'yasu", suna shewa da tafawa in an yi abin dariya. Su a wurinsu sara ce kawai ta zamani.

To ni na san inda na fara jin wannan baki, kuma ba a waya ba ne. A 1996 na je cin rani Kano ina yaro, ina dako a kasuwar Dawanau. Abincinmu na dare a wurin wani ɗan daudu muke saye a bakin tasha, mai tuwo da soyayyar kaza. Shi da yaransa haka suke magana tun safe har dare: wannan Hajiya ce, waccan uwar ɗaki ce, habaici kuwa kamar ruwan sama. In direba ya kawo raini, da kalma biyu za a tsinka shi, tasha ta ɗauki dariya. Suna ma da nasu zaurancen da suke sakaya magana, wanda suke kira yaren harka. Mutumin nan sau da yawa ya ba ni tuwo bashi ranar da ban samu dako ba, bai taɓa tozarta ni ba. Wannan kam sai na faɗa, don Allah yana gani.

Su ma ba su suka ƙirƙiro shi daga sama ba. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san habaicin kishiyoyi a tsakar gida, da shewar 'yan mata a dandali, da guɗar ranar biki. A bakin iyayenmu mata 'yan daudu suka ɗauko, suka wasa shi ya yi kaifi, suka fito da shi tasha da kasuwa inda maza ke ji. Daga nan 'yan fim suka ɗauka. Wa ya manta fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a 2014, Allah ya jiƙansa? Mun cika gidajen kallo mun biya kuɗinmu mun yi dariya har da hawaye, kuma shi dattijon nan da ya kunyata mini ɗa, wallahi benci ɗaya muka zauna da shi.

Ƙanena malamin makaranta ne, shi ya ce mini ba mu kaɗai ba ne. Wai kalmar nan "sile kwin" da ake jifan 'yan matan birni masu ƙwalisa da ita, tushenta bakin baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma waɗanda suka yayata ta masu kama da 'yan daudunmu ne a birnin Niyok, da suke gasar ado da rawa a tsakaninsu lokacin da kowa yake gudunsu. Yau duniya duka tana faɗa, ba a tuna su. Ya ce har wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna a Kano a shekarun 1990 yana nazarin maganar 'yan daudu, ya fitar da littafi a 2009. Ka ji fa, baƙo ya zo daga uwa duniya ya gane mai abu, mu 'yan gida muna cewa wai waya ce ta kawo.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban zo kare daudu ba. Malamai sun yi bayanin hukuncin namiji mai kwaikwayon mace, ni kuwa ɗan firamare ban isa in ja da su ba, kuma ba na fatan ɗana ya bi wannan hanya. Abin da ya dame ni rashin adalci ne. Bayan an ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, da yawa daga masu abincin nan sun watse, wasu sun ɓoye, wasu sun bar gari. Wanda ya ciyar da ni, da na koma neman sa in biya sauran bashina, na tarar da wurin wayam. A 2024 kuma Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta hana finafinan da ke nuna daba da daudu. To amma masu barkwanci a waya fa? Suna nan suna ɗaura ɗankwali, suna karya murya, suna samun mabiya da kuɗin talla da bakin da wasu suka sha jifa a kansa. Mai abu ya sha duka, mai aro ya sha miya, ɗan talaka a ƙauye da ya maimaita kalma ɗaya kuma a ɓata masa suna.

Don haka ina kira ga dattawanmu na Rano da Kibiya, in kun ji irin wannan magana a bakin yaro, ku ja shi gefe ku tambaye shi inda ya ji, ku gaya masa asalinta, sannan ku yi masa nasiha. Yaron da ya san na wane ne, shi da kansa zai san inda zai faɗa da inda zai kama bakinsa. Amma laƙaba masa suna a tsakiyar kasuwa ba gyara ba ne. Yau sati uku ke nan yarona ya ƙi taka kasuwa, ni kaɗai nake jiran kaya, ko salla zan tafi sai na roƙi shi wannan dattijon ya duba mini rumfa.

Wassalam.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Zurgu, ta hanyar Rano, Jihar Kano.