Buhun PICS ya kashe ƙwaro, amma wa ke iya ajiye wake har bazara?

Duk kaka labarin ɗaya ne a kasuwannin Maradi, Tasawa da Damagaram: wake ya cika kasuwa, kuɗin tiya ya faɗi, manomi ya sayar cikin gaggawa. Shekaru da dama ana ɗora laifin ga ƙwaron wake, wanda ke shigowa tun daga gona ya mayar da buhu gari cikin ƴan watanni.

An samo maganin wannan. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincike na INRAN suka gwada a Maradi. Leda biyu ne masu kauri cikin buhun saƙa, kowace ana matse iskarta a ɗaure ta daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Ba a zuba ko ɗigon magani, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda guba, alhali can ne akasarin waken Nijar ke zuwa. Sharaɗin kawai waken ya bushe sarai, ledar kuma kar ta huje. Ƙaya ɗaya ko haƙorin ɓera ya isa ya ɓata aikin.

To amma wa ke cin ribar? Buhu ba ya biyan bashin taki, ba ya sayen littattafan yara a watan Oktoba. Manomin da bashi ya bi shi har gona dole ya sayar ranar da ya sussuke, sai ɗan kasuwa ya zuba a PICS ya jira bazara. Dokar da gwamnati ta kafa a Oktoban 2024, wadda ta hana fitar da hatsi da wake in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba, ta ƙara rage masu saye a lokacin kaka.

Inda buhun ke yi wa ƙaramin manomi rana shi ne inda aka haɗa shi da warantaj: ƙungiya ta kulle amfanin gona a mangaza, asusun bashi ya ba manoma kuɗi a kai, a sayar in farashi ya tashi. Tsarin ya daɗe a Nijar, sai dai garuruwa da yawa ba su da mangazar, ba su da asusun.