Fatar Hausa, Ƙashin Turanci

Makon nan za mu sosa inda ke mana ƙaiƙayi, mun kuma san wasu za su ji zafi. A yi haƙuri, har da mu a cikin masu laifin.

Kwanakin baya ɗaya daga cikinmu nan Ƙaura ya kawo labari a duba masa. A ciki akwai tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Shinkafi, tana ce wa jikarta: "A ƙarshen rana, zan dawo gare ki a kan wannan. Ki samu rana mai kyau." Babu kalmar Turanci ko ɗaya a maganar. Amma don Allah, wace tsohuwa ce a ƙasar Zamfara ta taɓa magana haka? Tsohuwar da muka sani cewa za ta yi: "Bari in gama ciniki tukuna mu yi maganar. Je ki, a wuni lafiya." Kalmomin marubucin na Hausa ne, ginin jimlar kuwa na Bature ne. Wannan ita ce cutar da ke cin rubutunmu, ba mu ma san muna ɗauke da ita ba.

Mun saba ɗora laifi kan kalmomin aro, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929 kakanninmu ke karɓar kalmomin Turanci: tasha, tikiti, direba, mota. Amma dubi yadda suka yi da su. Tasha ta zama mace, jam'inta tashoshi. Direba ya zama direbobi, mota ta zama motoci. Baƙo ya zo, an ɗinka masa rigar gida, ya bi dokar gida. Mu kuwa 'yan gida muka kama, muka tilasta musu bin dokar baƙo.

Mu fara da fi'ili da abin da yake tafiya da shi. Bature "biyan" ziyara yake yi, mu kai ziyara muke yi. Shi yana "faɗawa" cikin soyayya, mu so ne ke kama mu. Shi ke kama mura, mu mura ce ke kama mu. A Hausa yunwa ke kama mutum, barci ya ɗauke shi, zuciya ta ɗebe shi, tsoro ya shige shi. Ba ado ba ne wannan, yadda Bahaushe ke kallon duniya ke nan: akwai abubuwan da suka fi ƙarfin mutum, su ke zuwa su same shi. Duk ranar da muka rubuta "ina da ciwon kai" a wurin "kaina ke ciwo", ko "ya rasa motar Gusau" a wurin "motar Gusau ta tafi ta bar shi", mun canza wa mutumin labarinmu tunani.

Sai kuma jimlar da ke juya mai aiki zuwa baya. Turanci na son ya fara da wanda aka yi wa abu, ya ajiye mai yin a ƙarshe. Shi ya haifar mana da "an kama ɓarawon ta hannun 'yan banga". Hausa na da "an", amma aikinta ɓoye mai aiki ne, ko don ba a san shi ba, ko don ba a son faɗa. In ka san shi, fito da shi gaba: "'Yan banga sun kama ɓarawon." Ƙanwar wannan cuta ita ce "wanda hakan ya sa", "wanda hakan ke nuna", da muke jera wa jimla kamar taragon jirgi har numfashin mai karatu ya ƙare. Sa aya. Ka ce "shi ya sa", ka wuce.

Abin takaicin shi ne dukiyar da muke zubarwa. Ɗauki kalmar saye: ya sayi goro, ya sayo goro, ya saye goron, ya sayar da goron, goron ya sayu. Ɗan canji a ƙarshen fi'ili ya gaya maka ko an nufo nan da abin, ko an kwashe shi duka, ko an rabu da shi. Masanin nahawu F. W. Parsons ya kasa waɗannan sigogi gida bakwai tun 1960, ana koyar da su a jami'o'i. Mu da muka sha su a nono sai mu rubuta "ya sayi goro kuma ya zo da shi zuwa nan". Haka muke yi wa fari fat, baƙi ƙirin, cike maƙil da shiru tsit. Duk mun sallame su, mun ɗauki "sosai" aiki, don ita ce ta yi daidai da kalma ɗayar da Bature ke ƙarfafa magana da ita.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo gare mu 'yan wannan yanki. In yaro daga Zurmi ya rubuta "munka tahi" ko "shina zuwa" a bakin mutumin labarinsa, nan take za mu ja masa jan biro, wai ƙauyanci ne. Amma ya rubuta "wannan ya yi ma'ana a gare ni", sai mu tafa masa, wai ya waye. Da wannan karin harshen Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da har yau malamai ke nazari. Ba mu ce a yar da daidaitacciyar Hausa ba, ita ce ta haɗa mu da mai karatu na Kano da Maraɗi. Amma "sunka" 'yar gida ce, "a ƙarshen rana" kuwa baƙuwa ce. Mun kori 'yar gida, mun shimfiɗa wa baƙuwa tabarma.

Wani zai ce ai harshe canzawa yake yi, kuma "taka rawa" ma fassara ce ta zauna daram. Gaskiya ne. Abin da bakin jama'a ya tauna ya haɗiye ya zama namu, ba mu da ja. Amma akwai bambanci tsakanin abin da kasuwa ta karɓa da abin da marubuci ya kwafo don ya yi tunani da Turanci ya kasa komowa gida. Ba kuma sanin Turanci ne laifin ba. Abubakar Imam ya san Turanci da Larabci, ya ɗebo labarai daga ƙasashe daban-daban ya zuba a Magana Jari Ce, amma ba ka jin warin fassara a jimlarsa. Rabin sani ne ke haifar da gauraye. Wanda ya san harsunan biyu da kyau ya san inda katangar kowanne ta tsaya.

Me ya sa muka damu har haka? Saboda abin da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka gani a shekarun nan na 'yan bindiga, wata rana mu za a tambaya mu rubuta shi. Matar da ta kwana a daji da goyo ba za ta ce "na fuskanci ƙalubale" ba. In muka sa mata wannan a baki, mun sake ƙwace mata wani abu, wato muryarta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Maganin ba shi da tsada. Kafin ka saki rubutu, karanta shi da ƙarfi a gaban inna ko kaka, wadda ba ta zauna a aji ba. Duk inda ta ɗaga kai ta ce "wai mi?", ja layi a wurin, ka tambaye ta yadda ita za ta faɗa.

Aikin makon nan: kowa ya koma tsohon rubutunsa, ba na wani ba, ya zaƙulo jimla uku masu ƙashin Turanci, ya kawo su tare da gyaransu. Mu ma za mu kawo namu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.