Filin Kiwon Lafiya: Wane Ruwa Ya Dace Da Wankin Kayan Shimfiɗa?

Duk wanda ya yi damina a Gwagwalada ya san yadda ɗaki kan yi gumi. Garin yana bakin kogin Usuma, ga zafi ga laima tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba. A irin wannan lokaci yaro kan tashi da atishawa da toshewar hanci, wani kuma fuka ta taso masa da dare, iyaye su yi ta neman dalili a waje, alhali kuwa sau da yawa tushen abin yana cikin katifa da matashin kai.

Akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake kira ƙwaron ƙura, dangin kaska ne, mai ƙafa takwas. Tsawonsa bai kai rabin milimita ba, saboda haka ido ba ya ganinsa. Ba ya cizo kamar kuɗin cizo. Abincinsa ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mai barci, kashinsa kuwa da ke gauraye da ƙura shi ne ke tayar da fuka ga wanda jikinsa ba ya son sa. Masana a birnin Leiden na ƙasar Holan ne suka gano haka a shekarar 1964. Daga laimar iska yake samun ruwan jikinsa, shi ya sa yake yaɗuwa da damina, ya ragu da hunturu.

To, ruwan sanyi da sabulu sukan wanke yawancin kashin, amma ƙwari da yawa kan tsira. Abin da ke kashe su shi ne ruwan da zafinsa ya kai digiri 55 zuwa 60. Ba sai an mallaki injin wanki ba. Uwargida ta tafasa ruwa tukunya ɗaya, ta surka da na sanyi tukunya ɗaya, zafin zai ɗan haura digiri 60. Ta jiƙa zanen gado da rigar matashi a ciki, ta rufe bahon kamar minti 20, sa'an nan ta wanke. Hannu ba ya jure wannan zafi, sai a juya da sanda, a kuma nisantar da yara. Sau ɗaya a mako ya wadatar. In tsadar gawayi ko gas ta hana a yi wa kowa, a fara da shimfiɗar mai fuka.

Amma fa ba kowane kaya ke son ruwan zafi ba. Atamfa da kayan rini sukan zuba. Zanen da jini ya taɓa a fara wanke shi da ruwan sanyi, don zafi kan kafe tabon. Gidan sauro mai magani kuwa da ruwan sanyi da sabulun wanki ake wanke shi, a shanya a inuwa, domin kada maganinsa ya lalace.

Katifa da matashi ba sa shiga baho, rana ce maganinsu. A fitar da su tun da hantsi, a juya da azahar, a kakkaɓe da la'asar sa'ad da mai fuka ba ya kusa. Da rani ranar Gwagwalada ta isa wannan aiki, kuma kyauta ce.

Sai dai wanki ba ya maye gurbin magani. Yaron da numfashi ke yi wa wuya a gaggauta kai shi asibiti, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja nan cikin gari.