Kuɗin wutar lantarki: Ina 'yan kwangilar suka shiga?

Tun daga shekarar 2008 ake taƙaddama a Najeriya game da maƙudan kuɗaɗen da gwamnatin tarayya ta kashe domin inganta wutar lantarki, da kuma zargin cewa wasu 'yan kwangila sun karɓi kuɗi ba tare da sun yi aikin ba.

An kafa kwamitocin bincike, an je kotu, tsofaffin shugabannin ƙasa ma sun yi wa juna gugar zana. Amma mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a birnin Kano, abin da ya fi sabawa da shi shi ne ƙarar janareto.

Kwana goma a cikin duhu

A ƙarshen watan Oktoban 2024, akasarin jihohin arewacin Najeriya sun shafe kusan kwana goma babu wuta. Kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, ya ce ɓata-gari sun lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, kuma matsalar tsaro ta hana ma'aikata isa wurin. Ana cikin haka sai layin da ya rage, wanda ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu ya bi ta Apir a jihar Binuwai, shi ma ya samu matsala a ranar 21 ga watan.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi, inda masu walda da teloli da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara ke neman abinci da wutar lantarki, sana'a ta tsaya cik ga duk wanda ba shi da kuɗin man janareto. Rijiyoyin burtsatse suka daina aiki, kurar ruwa ta yi tsada, cajin waya ya zama sai an bi layi.

Ba 'yan kwangila ne suka karya turakun Shiroro ba. To amma lamarin ya tona wani asiri: Kano, cibiyar kasuwancin arewa, tana rataye ne a ƙarshen dogon layin da ke zuwa tashar Kumbotso daga Kaduna. Manyan tashoshin da aka yi alkawarin ginawa a arewa domin rage wannan dogaro, an bayar da kwangilolinsu shekaru da dama da suka wuce. Abin tambaya shi ne, ina aka kwana?

Biliyan nawa aka kashe?

A watan Janairun 2008 ne marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ce gwamnatin da ya gada ta Cif Olusegun Obasanjo ta kashe dala biliyan 10 a kan wutar lantarki ba tare da an ga wani abin a-zo-a-gani ba. Ba a daɗe ba kakakin majalisar wakilai na lokacin, Dimeji Bankole, ya ce kuɗin ya kai dala biliyan 16.

Kwamitin majalisar mai kula da wutar lantarki, ƙarƙashin jagorancin Ndudi Elumelu, ya yi nasa lissafin ya ce kuɗin sun haura dala biliyan 13. Shi kuwa Cif Obasanjo, ya dage cewa abin da aka kashe bai wuce kimanin dala biliyan shida da rabi ba, kuma ya musanta aikata ba daidai ba.

Adadin biliyan 16 ɗin ne ya zauna a bakin jama'a. A watan Mayun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sake tayar da maganar, yana tambayar inda wutar take, a daidai lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Cif Obasanjo gabanin zaɓen 2019.

Wannan ce matsalar farko. Duk lokacin da batun ya taso, yakan taso ne a matsayin makamin siyasa, sai a shiga jayayya a kan jimla. Jayayyar jimla kuwa ba ta kama ɓarawo, ba ta kuma wanke mai gaskiya. Kotu ba ta yanke hukunci a kan dala biliyan 16 a dunƙule. Abin da take dubawa shi ne kwangila guda: wa aka ba, nawa aka biya shi, me ya kawo.

Abin da aka ji a zauren majalisa

A zaman jin bahasi da kwamitin Elumelu ya yi a watan Maris na 2008, wanda aka riƙa nunawa a talabijin, an ji abubuwan da suka tayar wa mutane da hankali.

Mafi yawan bahasin ya shafi shirin nan na gina tashoshin wuta da ake kira NIPP, wanda aka faro a 2004, aka kuma riƙa biyan kuɗinsa daga asusun rarar kuɗin man fetur. An yi zargin cewa an biya wasu kamfanoni kaso mai yawa na kuɗin kwangila tun kafin su fara aiki. An ce wasu daga cikin waɗanda suka samu kwangila ba su ma da rajista da hukumar rajistar kamfanoni. An kuma ce an riƙa tsallake ofishin tantance kwangiloli da sunan gaggawa.

An kuma ambaci kamfanin Lahmeyer na ƙasar Jamus, wanda aka ba aikin nazarin tashar Mambilla, alhali kuwa a 2006 Bankin Duniya ya haramta masa shiga ayyukansa saboda bayar da cin hanci a wani aikin madatsun ruwa a ƙasar Lesotho.

Akwai kuma manyan injuna da aka sayo daga ƙasashen waje suka daɗe jibge a tashar jiragen ruwa, saboda ba a tanadi hanyar da za ta iya ɗaukar nauyinsu ba, da tashoshin da aka fara ginawa ba tare da an shimfiɗa bututun iskar gas da za su yi aiki da ita ba.

Mai bincike a gaban kuliya

Jama'a sun zuba ido su ga wanda za a hukunta, sai labari ya sha bamban. A watan Mayun 2009 hukumar EFCC mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziƙin ƙasa ta'annati ta gurfanar da shi kansa Mista Elumelu, tare da Sanata Nicholas Ugbane da wasu jami'ai, bisa zargin almundahanar naira biliyan 5.2 a kwangilolin hukumar samar da wuta a karkara.

Wasu suka ce mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi, wasu kuma suka ce an shafa masa kashin kaji ne domin a kashe rahotonsa. Kotu dai ba ta same shi da laifi ba. Amma rahoton bai farfaɗo ba: majalisar ta miƙa shi ga wani kwamitin ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal domin ya sake dubawa, kuma daga nan maganar ta lafa.

Binciken ya bar baya da ƙura ta wata fuskar. Tsakanin taƙaddamar da ake yi a kan halalcin taɓa asusun rarar man fetur da kuma binciken majalisa, ayyukan NIPP sun tsaya na kusan shekara biyu. Da aka koma, farashin kaya ya tashi. Daga bisani an kammala akasarin tashoshi goma na shirin, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ke arewa da Geregu ta jihar Kogi.

Mambilla

Idan akwai aikin da ya fi ci wa 'yan arewa tuwo a ƙwarya, to shi ne na tashar Mambilla da ke jihar Taraba, wadda aka tsara za ta samar da megawat 3,050.

A watan Mayun 2003, ana saura kwanaki wa'adin farko na gwamnatin Obasanjo ya ƙare, ministan wutar lantarki na lokacin, Dakta Olu Agunloye, ya ba kamfanin Sunrise takardar kwangilar dala biliyan 6. Cif Obasanjo ya ce bai taɓa amincewa da ita ba. Kamfanin kuwa ya ce kwangilarsa halattacciya ce.

A 2017 gwamnatin Buhari ta amince da ba wasu kamfanonin ƙasar Sin aikin a kan dala biliyan 5.79. A shekarar ce kuma Sunrise ya kai ƙarar Najeriya gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci da ke birnin Paris, yana neman diyyar fiye da dala biliyan biyu. A watan Janairun 2025 tsofaffin shugabannin biyu, Obasanjo da Buhari, suka je Paris domin ba da shaida a madadin Najeriya.

A gida kuma, EFCC ta gurfanar da Dakta Agunloye a watan Janairun 2024 bisa zargin bayar da kwangilar ba bisa ƙa'ida ba da kuma karɓar toshiyar baki. A watan Yulin shekarar ta gurfanar da Injiniya Saleh Mamman, wanda ya yi ministan wutar lantarki daga 2019 zuwa 2021, bisa zargin karkatar da naira biliyan 33.8 daga kuɗin ayyukan Mambilla da Zungeru. Dukansu biyu sun musanta zargin a lokacin da aka karanta musu.

Fiye da shekara ashirin bayan takardar farko, lauyoyi sun ci moriyar Mambilla, amma mai walda a Tarauni bai ga ko ƙyastun wutarta ba.

Ba kowane jinkiri ne sata ba

Adalci ne a faɗi cewa ba duk aikin da ya tsaya ne aka sace kuɗinsa ba. Tashar samar da megawat 10 daga iska da ke Lambar Rimi a jihar Katsina ta gamu da cikas bayan da 'yan bindiga suka sace injiniyan nan ɗan ƙasar Faransa, Francis Collomp, a watan Disamban 2012. Tashar Kudenda da ke Kaduna mai megawat 215, wadda aka ba kamfanonin General Electric da Rockson kwangilarta a 2009, shekara goma bayan haka ba ta fara ba da wuta ba, kuma daga cikin abin da aka yi ta jayayya a kai har da irin man da za ta yi aiki da shi.

'Yan kwangila su ma suna da nasu ƙorafin: gwamnati kan jinkirta biyan kuɗi, darajar naira kan faɗi ana tsakiyar aiki, masu gonaki kan hana kafa turaku sai an biya su diyya.

Sai dai wannan ma hujja ce ta neman a bayyana komai. Muddin ba a fitar da bayanin kowace kwangila ba, ɗan kwangilar da ya tsaya saboda ba a biya shi ba, da wanda ya karɓi kuɗi ya yi layar zana, duk kuɗin goro ake yi musu. Wanda ya fi cin ribar wannan ruɗani shi ne mai laifin.

A faɗi sunayensu

A farkon 2019, bayan da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar ya yi zargin cewa akwai 'yan kwangilar da aka biya kuɗinsu gaba ɗaya suka ɓace, ƙungiyar SERAP mai fafutukar tabbatar da gaskiya a harkar mulki ta nemi ministan wutar lantarki na lokacin, Babatunde Fashola, ya fitar da sunayensu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011.

Amsar da ta samu ta ƙunshi sunan kamfani ɗaya tak, wanda kwangilarsa ba ta kai naira miliyan 100 ba. A watan Yulin shekarar, wata babbar kotun tarayya da ke Legas ta umarci gwamnati da ta bayyana sunayen duk kamfanonin da suka karɓi kuɗi ba su yi aiki ba tun daga 1999.

Doka ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Dokar bayar da kwangila ta 2007 ta ƙayyade cewa kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, kuma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. A gyaran da aka yi a 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 30. Ma'ana, idan ɗan kwangila ya gudu, akwai wanda ya tsaya masa da za a iya kamawa, akwai kuma jami'in da ya sa hannu cewa an yi aikin.

Wa ke biyan bashin?

Najeriya mai mutane fiye da miliyan 200, wutar da take rarrabawa galibi tana tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, kuma a watan Maris na 2025 da aka kai kimanin 5,800 sai da aka yi shela. Afirka ta Kudu, wadda yawan jama'arta bai kai sulusin na Najeriya ba, tashoshinta na da ƙarfin fiye da megawat 40,000.

Giɓin nan, ɗan Kano ne da ire-irensa ke cike shi daga aljihunsu. An biya kwangilar da dukiyar ƙasa, wadda tasa ce. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da dama sun rufe, kuma rashin wuta na daga cikin manyan dalilan da masu su ke bayarwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareton da yake fakewa da shi ya fi ƙarfinsa. A watan Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga waɗanda aka sanya a rukunin farko.

Sabuwar dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samarwa da rarraba wuta a cikin iyakokinsu. Kano ba baƙuwa ba ce a nan, domin tun a wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka bayar da aikin samar da megawat 35 daga madatsun Tiga da Challawa, aikin da ya zarce wa'adin gwamnatin da ta faro shi.

Wannan na nufin nan gaba, da yawa daga cikin kwangilolin wuta a gidajen gwamnatocin jihohi za a sa musu hannu, ba a Abuja ba. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da ɗan majalisar jiha da suka san gidansa. Tambayoyi ukun da aka kasa amsawa a Abuja tun 2008, wa aka ba, nawa aka biya shi, me ya kawo, yanzu suna iya yin su tun kafin kuɗin ya fita.